Wasannin yaƙi a Wii: me ya sa saiti ke ba ni wahala, kuma wanne zan nema?

Tambaya: Na sayi Wii, na'urar wasan bidiyo ta kamfanin Nintendo, na hannu, mai kayan ya haɗa min da faifan Call of Duty 3. Da PlayStation na saba. Da zarar na ɗaga rimot sai allon ya kama juyawa, kafin in saita bindiga an riga an harbe ni, ga hannu yana gajiya. Na'urar ce ta samu matsala, ko haka wasannin harbi suke a kanta? In akwai masu kyau, wanne zan nema?

Amsa: Ɗan'uwa, in dai sauran wasanni suna tafiya daidai, na'urarka lafiyarta ƙalau. Abu biyu ne suka haɗu maka. Na farko, ka fara ne da wasan da saitinsa ya fi na kusan dukkan 'yan'uwansa ɗanyantaka, sannan ina kyautata zaton kana riƙe rimot ɗin yadda ake nunawa a talla, hannu a miƙe kamar mai riƙe da bindigar gaske. Duka biyun suna da gyara. Kuma tun daga farko zan faɗa maka ra'ayina: nuna abu da rimot ɗin Wii hanya ce ta saiti da ta fi sandar babban yatsa da ka saba da ita sauri da daidaito, in an gyara ta. Abin da ya ɓata wa waɗannan wasanni suna shi ne kaɗe-kaɗe da girgize-girgizen hannu da kamfanoni suka riƙa cusawa a ciki.

Sai ka san yadda rimot ɗin yake gani kafin ka iya sarrafa shi. Mutane da yawa suna ɗauka cewa siririyar sandar nan da ake ɗorawa a kan talabijin ita ce ke kallon rimot. Akasin haka ne. Sandar ba ta ganin komai. Fitilu ne guda 10 a cikinta, 5 a kowane gefe, masu fitar da hasken da idon mutum ba ya gani. Kyamarar tana bakin rimot ɗin, bayan baƙin gilashin nan. Ita ce ke hango tarin hasken guda biyu, ta lissafa inda suke da tazarar da ke tsakaninsu, ta aika wa na'urar ta Bluetooth. Shi ya sa in sandar ta lalace, kyandir biyu da aka kunna a gefen talabijin suke iya maye gurbinta na ɗan lokaci. Shi ya sa kuma hasken rana da ke shigowa ta taga a bayan talabijin, ko ƙwan fitila irin na da mai zafi, ko teburin gilashi mai maido da haske, suke rikita shi. Rimot ya ga ɗigo uku ko huɗu maimakon biyu, sai alamar saiti ta riƙa tsalle. Akwai kuma wani abu daban a cikin rimot ɗin da cikin Nunchuk, wato ɗan'uwansa na hannun hagu, mai jin motsi da karkata. Wannan shi ake amfani da shi wajen girgizawa, kuma bai kai kyamarar daidaito ba ko kusa.

To daga nan matsalar masu tsara wasa ta taso. A PlayStation, sandar dama tana juya kan sojanka, bindigar kuma kullum tana tsakiyar allo. A Wii babu sandar dama. Hannu ɗaya ne zai yi aiki biyu: ya nuna inda za a harba, ya kuma juya kai. Dabarar da aka yi ita ce a zana wani fili a tsakiyar allo wanda ba ka ganinsa. Muddin alamar saitinka tana cikin filin, bindiga ce kawai ke motsi, kai yana tsaye. Da ta ƙetare iyakarsa, sai kai ya fara juyawa, kuma gwargwadon nisanta daga iyakar, gwargwadon saurin juyawar. Duk daɗin wasan harbi a Wii ko ɗacinsa yana rataye ne a kan girman wannan fili da saurin juyawar. In filin ya yi faɗi, sai ka kai hannu can gefen allo kafin sojanka ya waiwaya, abokin gaba ya gama da kai. In ya yi ƙanƙanta da yawa ga wanda bai saba ba, ko numfashi ka yi sai allo ya motsa. Idan kuma bakin rimot ya kauce daga sandar gaba ɗaya, wasu wasannin sukan ci gaba da juyawa ta inda aka bar su. Wannan shi ne juyawar da kake gani.

Ga abin da za ka yi tun kafin ka sake sayen wani faifai. Shiga saitunan na'urar kanta, ka gaya mata ko sandar tana saman talabijin ne ko ƙasansa. Masu saye na hannu sukan gaji saitin mai kayan na farko ba su sani ba. A wurin dai akwai gwajin ƙarfin gani mai mataki 1 zuwa 5. Nuna rimot ga allo: ɗigo biyu ake so ka gani. In sun fi biyu ka rage, ko ka ja labule. In ba su kai ba ka ƙara. Ka jawo sandar zuwa bakin teburi yadda babu abin da ya tare ta, ka zauna tsakanin mita 1 zuwa 3 daga gare ta. Sai babban abin: ka zauna, ka ɗora gwiwar hannunka ko damtsenka a kan cinya ko hannun kujera, wuyan hannu kaɗai ya riƙa motsi, kamar yadda mai ɗinkin hula yake tafiyar da allura ba tare da kafaɗarsa ta sani ba. Wanda ya ƙware a wannan wasa, in ka kalle shi daga nesa, ba za ka ce yana motsi ba. Gajiyar hannun da kake kuka da ita daga nan take ƙarewa. In talabijin ɗinka na bango ne, nemi saitin wasa a cikinsa ka kunna, domin jinkirin hoto ya fi cutar da mai nuni fiye da mai sandar yatsa: hannunka ya tsaya, alamar tana biyo baya, sai ka wuce wurin ka dawo.

Yanzu wasannin kansu.

Call of Duty 3 da ke hannunka ya fito ne tare da na'urar a Nuwamba 2006, aikin kamfanin Treyarch. Labarinsa ba laifi. Yana bin yaƙin da aka yi a Normandi ta Faransa a damunar 1944, daga Saint-Lô har zuwa lokacin da aka yi wa rundunar Jamus ƙawanya a Falaise a watan Agusta, kuma kana yi da sojojin Amurka da Birtaniya da Kanada da Folan. Ɓangaren 'yan Folan, da suka riƙe Tudu na 262 Jamusawa masu neman hanyar tsira suna ta afko musu, yana cikin abubuwan da wasannin yaƙi ba su cika taɓawa ba, kuma saboda shi kaɗai ba zan ce ka yar da faifan ba. Amma an yi shi ne a lokacin da babu wanda ya gama fahimtar rimot ɗin. Zaɓin gyaran saiti kaɗan ne, kuma an cika shi da motsin hannu: ka riƙe rimot da Nunchuk kamar sitiyari ka tuƙa mota, ka yi tuƙin kwale-kwale, ka yi kokawa da sojan da ya cafke bindigarka ta hanyar tura hannu gaba da baya. Matsalar ba ta tsaya ga rashin gane motsin ba. Duk lokacin da aka sa ka kaɗa rimot, bakinsa ya bar sandar, in ka dawo sai ka sake neman inda alamar take, kuma a daidai lokacin ake harbinka. Na Wii ba shi da wasan mutane da yawa ko kaɗan.

Medal of Honor: Vanguard na 2007 yana bin 'yan lema na Amurka, galibi na runduna ta 82, daga Sisili zuwa Normandi da Holan da Jamus. Tare da na PlayStation 2 aka yi shi, aka ɗora masa rimot, kuma hakan a fili yake. Amfaninsa ɗaya: mutum huɗu suna iya raba allo su fafata a ɗaki guda. Brothers in Arms: Double Time na 2008 kuwa ba na ba ka shawararsa. Wasanni biyu ne masu daraja aka haɗe, na 'yan lema na runduna ta 101 a kewayen Carentan, inda dabara ta fi harbi: ka sa wasu su danne abokan gaba da wuta, ka zagaya da wasu ta gefe. Amma a Wii hoton yana sarƙewa, ba da umarni kuma ya zama wahala. In kana son su, neme su a kwamfuta.

Wanda nake so ka fara nema shi ne Medal of Honor: Heroes 2, na kamfanin EA, wanda ya fito a ƙarshen 2007. Kai ne Laftanar John Berg, jami'in hukumar leƙen asirin Amurka ta lokacin yaƙi, OSS, da aka tura bayan layin Jamusawa a Normandi. Labarin sirara ne, filayen ƙanana ne, sojojin Jamus ɗin ma ba su da wayo sosai, domin an yi wasan ne tare da na PSP, ƙaramar PlayStation ta tafi-da-gidanka. To me ya sa shi? Saboda masu shi sun zaɓi su rage ado su bar hoto yana sauyawa sau 60 cikin daƙiƙa, kuma a wasan nuni wannan ya fi kowane ado muhimmanci. Alamar tana bin hannunka ba jinkiri. Sannan sun ba ka dama ka rage ko ka faɗaɗa filin tsakiyar nan da kanka, ka kuma gyara saurin juyawa. Ko motsin hannun da suka sa, yawancinsa an yi tunani a kansa. Za ka murɗa rimot ka kamo tasha a rediyo, ka murɗa shi ka jawo nesa kusa a madubin bindigar maharba, ka ɗora shi a kafaɗa in ka ɗauki bazuka. Mafi yawansu suna zuwa ne lokacin da ba ka cikin tsakiyar musayar wuta, ko kuma a kan makamin da dama ba a gaggawa da shi. Akwai kuma wani tsari a ciki da wasan ke tafiyar da kai da kansa, kai dai harbi ne naka, kamar injinan gidajen wasa na da. Ga wanda ya fito daga PlayStation, babu makarantar da ta fi wannan: ka koyi nuni tukuna ba tare da damuwar juya kai ba, in hannu ya faɗa sai ka koma cikakken wasan.

Bayansa sai Call of Duty: World at War na 2008. A nan Treyarch sun nuna sun koyi darasi. An rage kaɗe-kaɗe, an buɗe gyaran saiti. Labarin ya rabu biyu: sojojin ruwan Amurka a tekun Fasifik, daga Makin zuwa Peleliu zuwa Okinawa, da sojan Tarayyar Sobiyet daga kangon Stalingrad har zuwa ginin majalisar Jamus a Berlin a 1945. A wajen labari da nauyin yanayi ya fi Heroes 2 nesa ba kusa ba. Amma ka sani na Wii an rage shi. Sanannen ɓangaren nan na yaƙi da gawarwaki masu tafiya babu shi a ciki. Akwai dai damar mutum na biyu ya ɗauki wani rimot ya riƙa taya ka harbi a allo ɗaya kai kana tafiyar da sojan, abin da ke da daɗi in kana da ƙane ko aboki a kusa.

In ba dole sai Yaƙin Duniya na Biyu ba, to mafi kyawun saiti a cikin jerin Call of Duty na Wii yana farawa ne daga Modern Warfare: Reflex Edition. Asalin wasan na kamfanin Infinity Ward ne, 2007, bai zo Wii ba sai Nuwamba 2009, ranar da sauran na'urori suka samu Modern Warfare 2, wanda shi bai taɓa zuwa Wii ba. Treyarch sun matse kusan dukkan wasan cikin ƙaramar na'urar, kuma jerin gyare-gyaren saitinsa yana da tsawo har yakan tsorata sabon shiga. Kada ya tsorata ka. Abu uku kawai za ka taɓa da farko: faɗin filin tsakiya, saurin juyawa, da saurin alamar kanta. Fara da fili matsakaici, ka riƙa rage shi kaɗan-kaɗan duk bayan 'yan kwanaki. Faɗinsa na hagu da dama ya fi buƙatar ragewa fiye da na sama da ƙasa, tunda waiwaye ka fi yi, ba kallon sama ba. Kuma kada ka canza abu biyu a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba. Black Ops na 2010, mai labarin zamanin Yaƙin Cacar Baka da Biyetnam, da Modern Warfare 3 na 2011, sun bi wannan hanya, kuma suna karɓar Classic Controller mai sanduna biyu irin wanda ka saba. Zan roƙe ka kada ka gudu can da wuri. In da sanduna biyu za ka yi, to gara ka yi wasan a PlayStation 3 ko Xbox 360 inda hoton ya fi kyau. Dalilin yin su a Wii shi ne rimot.

Maganar hoto kuwa, kada ka sa ran abin da babu. Mafi kyawun hoton Wii shi ne 480p, wato layuka 480 a allo, ƙwaƙwalwar aikinta megabait 88 ce, alhali Xbox 360 tana da 512. Nintendo da gangan suka yi haka, suka sayar da ita da araha, har ta haura miliyan 100 a duniya. Illar a wasan yaƙi ita ce soja na nesa yakan zama ɗan ɗigo da ke sajewa da bango. Waya mai kawuna biyar, ja biyu da kore da shuɗi da fari, tana tsaftace hoton sosai fiye da mai kawuna uku da ke zuwa a kwali. Wannan ita ce ƙarin kayan da ya cancanci kuɗinka. Wii Zapper, wato robar nan mai siffar bindiga da ake cusa rimot da Nunchuk a ciki, tana da ban sha'awa a ido, kuma tana da daɗi a tsarin da wasa ke tafiyar da kai. A cikakken wasa kuwa tana mayar da kai ga motsa kafaɗa da hannu biyu, ta kuma nisanta yatsunka daga maɓallai. Wii MotionPlus na 2009 ma ba ya ƙara komai a waɗannan wasanni, domin da kyamara suke saiti.

Abu ɗaya da ya wuce ka, kuma abin takaici ne: wasan intanet. Heroes 2 yana haɗa mutum 32 a fili ɗaya, adadin da ya ba mutane mamaki a kan Wii a lokacin. A can ne aka ga iyakar abin da rimot zai iya, domin waɗanda suka ƙware sukan juya su harba cikin ƙiftawar ido. EA ta rufe nata tun da daɗewa, Nintendo kuma ta rufe hidimar intanet ta Wii a ranar 20 ga Mayu 2014. Saboda haka ka auna kowane faifai da labarinsa na mutum ɗaya, kada rubutun bayan kwali ya ruɗe ka.

Tunda kana son na Yaƙin Duniya na Biyu, akwai abin da nake so ka riƙe a ranka kana yi. Waɗannan wasanni suna koya sunayen wurare da makamai na gaske, amma yaƙin da suke nunawa na Amurka da Turai ne da Rasha. Babu ko ɗaya a cikinsu da zai kai ka Burma, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi da Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan, har suka karɓi Myohaung a Janairu 1945. Dubban 'yan Arewa suna cikinsu, Hausa ce kuma harshen da sojojin Nijeriya suka fi amfani da shi a tsakaninsu. Sunan Burma Camp a Akara da barikin Arakan a Legas daga can suka samo asali. World at War ya nuna yaƙin daji da sojojin Japan, da kwanton ɓauna da ramuka, kuma duk wanda kakansa ya je Boma zai kalli wannan ɓangare da wani ido daban. Amma na sojojin Amurka ne a tsibirai, ba na kakanninmu ba.

Sai kasuwa. Wii tana da kulle na yanki: faifan Amurka ba ya tashi a na'urar Turai, na Turai ba ya tashi a ta Amurka. Dubi bayan na'urarka da kwalin faifan kafin ka biya. In ta Amurka ce, duba rubutun jikin abin wutarta, domin na asali na wuta 120 ne, tamu kuwa 230 ce. Wanda aka soka kai tsaye ƙonewa yake yi. Ita kanta na'urar ba ta cin wuta, ba ta kai wat 20 ba tana wasa, ƙaramar sola ma tana ɗaukarta. Rimot yana cin batir AA guda biyu, kuma in suka yi rauni yakan riƙa yankewa a tsakiyar wasa, don haka masu caji sun fi. A rimot na hannu, duba baƙin gilashin bakinsa ko ya karce, ka gwada kunamar B ta ƙasa da ita ake harbi, ka kuma saki sandar Nunchuk ka ga ko soja yana tafiya da kansa. Na jabu sun yi yawa, kuma galibi a kyamara ake gane su: alamar takan yi rawa ko da hannunka a tsaye yake. Duk faifan da ka saya, in wata rana ka samu Wii U, zai yi aiki a kanta muddin yankinsu ɗaya.

In akwai yara a gidan, ka lura da alamar shekaru. Call of Duty 3 da Heroes 2 an sa su a rukunin matasa a Amurka. World at War da duk Call of Duty da suka biyo bayansa na 'yan shekara 17 zuwa sama ne. World at War musamman yana buɗewa ne da azabtar da fursunan yaƙi, ga ƙona mutane da bindigar wuta, ga hotunan yaƙi na gaske tsakanin babi da babi. Wannan ka bar shi sai sun kwanta.